Kaciyar Ɗan Farina a Tsakiyar Bazara

Bazarar bana ta zo da irin zafin nan da ko tabarma ka taɓa sai ka ji kamar an ɗauko ta daga bakin murhu. Ina kishingiɗe a inuwar ɗaki ina fifita, sai na ji Keke Napep ya ratsa layinmu da lasifika, ana shelar cewa za a yi wa yara kaciya kyauta a filin makaranta, duk mai ɗa ya kawo. Jikata Nafisa ta saɓi nata ɗan shekara biyu ta tafi, kafin azahar ga su sun dawo, yaro yana tsotsar lemon kwali, da wata 'yar roba a jikinsa wai ita za ta faɗi da kanta. Ni kuwa tun ina yarinya ba na iya ganin abu in yi shiru, sai na tsare ta da tambaya: wa ya yi, da me aka yi, an dafa kayan ko sababbi ake ɓarewa, wa zai riƙa duba shi? Ta yi dariya ta ce ni dai tambaya ba ta ƙare mini. Tana magana tana shafa kan yaron, tana kiran sunansa sau ba adadi, kuma shi ne ɗan farinta. Nan take na koma wata bazara a zamanin mulkin soja, lokacin da a unguwarmu ta Gidan Igwai gonaki suka fi gidaje yawa.

Sai na fara da fari, don shi ya jawo komai. Damina ta zo ta wuce ba ta bar komai ba, ta bayanta ma haka. Gero ya yi tsayin gwiwa ya bushe a tsaye. 'Yan'uwanmu na ƙauye suka riƙa shigowa Sakkwato da jakuna ramammu, kowane gida ya cika da baƙin da ba a san ranar tafiyarsu ba. Mun ci wata jar dawa ta agaji wadda tuwonta ba ya haɗa jiki, mun ci tafasa da rama har bakinmu ya manta ɗanɗanon mai. Kaji kuwa suka ƙare a unguwa ƙaf, har aka daina jin carar zakara da asuba. To, kaciya a wurinmu ba aska kaɗai ba ce. Yaron da aka yi wa sai an yi jinyarsa da kaza da gasasshen nama da kunu mai kauri har ya warke ya yi ƙiba. Wa zai kwantar da yaro a kan jar dawa? Saboda haka aka ɗage, sanyi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa ya wuce, yara suka yi ta girma a haka.

A cikinsu har da ɗan farina. A ƙarshen farin nan ne kuma Allah ya yi wa surukata rasuwa, wadda duk gidan muke kira Inna, kuma ita ce ta raine shi. Yaran yanzu ba za su gane wannan ba sai an yi musu bayani. A lokacinmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ranar da aka yaye shi Inna ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, a gida ɗaya muke amma ya zama nata. Ita yake kira Inna, ni kuwa Adda, kamar yadda ƙannen mijina suke kirana. In zan aike shi sai in ce "kai", in zan yi maganarsa sai in ce "yaron nan". Mahaifinsa ma haka, ko kallonsa ba ya yi sosai in da mutane. Ba wanda ya ga aibin wannan, don ɗan fari ba ya rasa mai shagwaɓa shi, kaka tana nan. Abin da ba wanda ya tsaya ya lissafa shi ne yadda za a yi in kakar ta mutu.

Kada a ɗauka ban san ɗana ba. Da wutsiyar ido na raine shi. Na san takunsa tun daga zaure, na san tarinsa a cikin tarin yara, na san in ransa ya ɓaci yakan je ya tsuguna bayan rumbu yana zane a ƙasa. Ina sonsa son da ban taɓa yi wa wani mahaluki ba, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu da tsufa ya ba ni lasisi.

Damina ta gyaru a shekarar da ta biyo, aka ɗan sami na kai wa baki. Can kuma bayan sanyi ya riga ya wuce, sai ga kuɗin mai sun iso har unguwarmu. Gwamnatin soja ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka haɗa musu da na baya aka ba su a dunƙule. Maigidana yana aikin siminti a Kalambaina, shi ma ya samu. Kai, mun ga abin mamaki. Mutumin da bara yake auna dawa da gwangwani, bana ga shi da rediyo rataye a kafaɗa. Mashina suka cika hanya, masu su ba su gama koyon tuƙi ba, kullum sai an ɗauko wani daga cikin kwata. Kaji suka dawo kasuwa da tsadarsu, aka kuma saya.

A nan ne maza suka zauna a ƙofar gidan mai unguwa kan maganar yara. Wasu sun kai shekara goma har da ɗoriya, ana yi musu dariya in sun je wanka gulbi, wasu sun daina zuwa ma. Dattawa suka ce a jira sanyi kamar yadda aka gada, don a zafi ciwo ba ya kamewa, ga ƙuda. Ma'aikata suka ce kuɗin da ke hannu yau ba zai jira sanyi ba, kuma gaskiyarsu ce, don mun ga yadda yake zubewa. Ana cikin ja-in-ja sai mai unguwa ya kawo labarin cewa ofishin lafiya yana tura malamin asibiti unguwa-unguwa, in an tara yara wuri ɗaya zai zo ya yi musu allurar rigakafin ciwon nan mai sandarar da jiki ya ɗaure haƙora, ya dafa asake, ya ba da magani, wanzami kuma ya yi aikinsa. Da aka ji akwai allura sai gardama ta mutu. A lokacin mutanenmu sun yarda allura tana maganin komai, har da bazara.

Mu mata aikin ya faɗo kanmu. Aka ce girki a gidanmu za a riƙa yi, don muna da faɗin tsakar gida, kuma katangarmu ɗaya da gidan mai unguwa inda za a kwantar da yaran a babban zaure. Tun ana saura kwanaki muka shiga daka. Da asuba ake fara surfe kafin rana ta buɗe ido, don da hantsi ya yi taɓarya ma zafi take yi a hannu. Famfon unguwa ba ya kawo ruwa sai da sassafe, shi ma kamar ana roƙonsa, sai mu jera tuluna mu cika randuna, ragowar a saya wurin 'yan garuwa. Ruwan randa da ya kamata ya yi sanyi, kafin la'asar ya zama kamar na wankan jego. Ƙuraje suka feso wa kowa a wuya. Amma ban taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba, don bayan shekarun tafasa ga mu muna fige kaji, ƙamshin man shanu yana tashi har layi na uku. Ba zan ɓoye ba, masu girki mun ɗanɗana gishirin miya fiye da yadda miya take bukata.

A cikinmu akwai Maman Bulus, matar wani malamin makaranta, Kiristoci ne mutanen wajen Jos da suke haya a bayan gidanmu. Ɗanta Bulus abokin yaranmu ne, da ya ji za a yi wa abokansa ya kafe sai an haɗa da shi, iyayensa suka ce to. Mace ce mai faɗin abin da ke bakinta, kuma al'adunmu suna ba ta mamaki kamar yadda nata suke ba ni. Na sha tsare ta da tambaya kan waƙoƙin da suke yi ranar Lahadi, ita kuma ta tambaye ni dalilin da ya sa ba na fita sai dare ya fara. Mun saba sosai.

Ranar kaciya an fara da sassafe. An hana mata leƙe, amma katangarmu tana da wata kafa inda ruwan sama ya taɓa ci, ni kuma Allah bai halicce ni da haƙurin rashin gani ba. Na ga malamin asibiti, wani siriri da farar riga, ya kunna risho ya ɗora tukunya, ya karɓi asaken wanzami ya zuba a tafasasshen ruwa. Wanzamin yana gefe da zabirarsa yana ƙunƙuni, wai tun kakansa ba a taɓa dafa aska kamar dankali ba. Na ga an jera yara ana yi musu allura, wasu sun fi jin tsoron allurar a kan abin da ke tafe. Na ga ramukan da aka haƙa a bayan zaure inda kowane yaro zai zauna a riƙe shi. Daga nan wani ƙato ya tsaya daidai kafar, ban ƙara ganin komai ba sai bayan rigarsa.

Sauran da kunne na bi. Kowane yaro da irin kukansa, mata suna tsakar gida kowace ta gane na ɗanta ta dafe ƙirji. Na yi ta jiran nawa ban ji ba. Can sai na ji maza sun ɗauki sowa suna cewa wannan namiji ne, ko uffan bai ce ba. Matan suka juyo suna kallona, ni kuwa na sunkuya ina gyara wuta kamar ba da ni ake ba. A raina na ji daɗi ƙwarai. Ban san wannan yabon ne zai zame masa ciwo ba.

Aka kwantar da su a zaure a kan tabarmi, kowanne an ɗaura masa kara tsakanin gwiwoyi don kada cinya ta goge ciwon, an lulluɓa masa ƙyalle. Aka sa wani tsoho, Baba Ɗan'ige, ya zauna da su da mafici yana korar ƙuda, mutumin kirki ne amma idonsa ya riga ya yi rauni. Malamin asibiti ya bar kwalbar wani magani mai launin shuni da auduga, ya nuna yadda za a riƙa wankewa da ruwan ɗumi da gishiri, ya ce zai zagayo in ya gama da sauran unguwanni. Wanzami ma haka, shekarar nan kowa ya sami kuɗi lokaci ɗaya, kiransa ake ta ko'ina. Saboda haka wanki ya koma hannun dangi, kowane yaro ubansa ko kawunsa ko kakansa ya zo safe da yamma. Maigidana ba zai iya buɗe ɗan farinsa a gaban mutane ba, sai ya ɗora wa ƙanensa Sani, yaron mota ne a babbar motar ɗaukar siminti.

Kowane yaro da kwanonsa, mu zuba a kai musu, a dawo da su mu wanke. Yaron nan nawa tun yana ƙarami ba ya cin fatar kaza. Ko Inna da take lallaɓa shi ba ta taɓa sa shi ya haɗiye ta ba, sai ya saɓule ta ya manna a gefen kwano. Kwanakin farko kwanonsa yana dawowa da fatar nan a manne, in gani in yi murmushi ni kaɗai. Sai wata rana ya dawo fes, kamar an lashe. Na ce ko yunwar jinya ce ta koya masa. Da yamma na zaɓi yanki mai fata sosai na sa masa da gangan. Ya sake dawowa fes. Washegari ma haka. Nan na gane ba shi ke cin abincin nan ba, na kusa da shi ne suke rabawa.

Yanzu wa zan gaya wa, kuma in ce me? Da maigidana ya dawo aiki na ajiye masa ruwa, na yi ta kewaye-kewaye, na tambaye shi ko yaran suna cin abinci. Ya ce ai ina ganin kwanoni suna dawowa wayam. Na ce Sani fa, kwana biyu ban ji motsinsa ba. Ya ce mota ta yi lodi zuwa kudu, amma ya bar sallahu. Wa ya bar wa, bai sani ba. Ya gane sarai wanda nake nufi, na ga hannunsa ya tsaya a kan kwanon ruwa, amma sai ya sunkuyar da kai ya ce kullum in ya wuce ƙofar zauren ana gaya masa yaro jarumi ne, ba ya ko tari. Ni ban iya ƙarawa ba, shi ma bai iya ba. Muka zauna mu biyu, kowa yana jin kunyar ɗan'uwansa.

Da safe na tari Maman Bulus. Ita kam tun ranar farko take shiga zauren nan kai tsaye ta wanke ɗanta da hannunta, maza suka gaji da tsaki suka ƙyale ta, wai baƙuwa ce ba ta san hanya ba. Na tambaye ta jikin Bulus, na tambayi na ɗan maƙwabta, na bi yaran nan ɗaya bayan ɗaya har na ƙare, saura ɗaya. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Wai wa kike son tambaya ne? Ki faɗi sunansa mana."

Na juya na ci gaba da motsa tukunya.

"Na can kusurwa, ko? Kullum fuskarsa na bango, na ɗauka barci ne. Bari in je."

Ba ta daɗe ba ta dawo, fuskarta ba kamar yadda ta tafi ba. Ta ce jikinsa da zafi, amma a garin nan wa jikinsa ba zafi? Ta ce ta nemi ta ɗaga ƙyallen ya damƙe shi da hannu biyu, ya ce lafiyarsa lau, shi yake wanke kansa tun da Baba Sani ya tafi. Ta tambayi Baba Ɗan'ige, ya ce ai wannan yaron bai taɓa ba shi wahala ba.

"Ni ba zai bari ba," in ji ta. "Ke ce uwarsa. In ba ki je ba, ban san wanda zai je ba."

Na yi ta juya maganar har rana ta take. Matar aure ba ta fita da rana tsaka, mace ba ta shiga ɗakin 'yan kaciya, uwa ba ta zuwa duba ɗan fari. Duka ukun a kaina suke, kuma na san kafin la'asar labari zai kai kowane gida. Na tuna Inna, da tana raye da tun jiya ta ɗaga zauren nan da masifa, ba kuma wanda zai ce mata kanzil. Sai na ga ai ba kowa a wurin da ta bari. Na yafa mayafi na fita.

Tsakanin ƙofarmu da ta mai unguwa ba nisa, amma rairayi ya ƙona ni ta cikin silifa. Ba kowa a waje, awaki ma sun lafe a gindin katanga suna haki. Na yi sallama a bakin zaure na shiga ban jira amsa ba. Yara suka ruɗe, kowa yana jan ƙyalle yana rufe jiki, kara yana hana su juyawa, wani har da ƙarar shi an gan shi. Da wata rana ce da na yi dariya. Baba Ɗan'ige ya farka daga gyangyaɗi yana lalubar maficinsa.

"Wa a' wanga? Ke ɗiyar ga, mi kika nema nan? Macce ba ta shigowa wurin ga."

"Baba, yi haƙuri, yanzu ni ka hita," na ce da shi, ban tsaya ba.

Tun kafin in kai kusurwar wari ya gaya mini. Ƙuda sun fi yawa a wurin. Yana kwance fuskarsa a bango, leɓɓansa sun bushe sun tsage, kwanon ruwansa a cike. Na durƙusa na ce "kai". Bai motsa ba. Na ce "kai yaro, tashi". Shiru. Na taɓa goshinsa, rabon da in taɓa shi haka tun yana shan nono, na ji kamar na dafa murfin tukunya. Idonsa a rufe, yana wani numfashi sama-sama. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Sahabi."

Ya buɗe ido. Bai dube ni ba, sai ya waiga wajen ƙofa yana neman mai kiran, don bai san sunan nan da muryata ba. Na sake cewa Sahabi, ni ce. Sannan ya juyo, ya daɗe yana kallona, hannunsa ya saki ƙyallen. Abin da na gani ba zan bayyana shi duka ba. Wurin ya kumbura ya yi ruwa, kuma da na tambaye shi rabonsa da fitsari sai ya ce tun jiya yake so ya kasa. Na ce me ya hana shi faɗa. Ya ce an ce shi jarumi ne, kuma bai san wa zai gaya wa ba.

Daga nan kunya ta bar ni gaba ɗaya. Na fito ƙofar zaure ina kiran mutane da muryar da ban san ina da ita ba. Mijin Maman Bulus ya taso daga makaranta ke nan a kan sabon mashin ɗinsa, amma yaro ba zai iya zama a kai ba, sai ya fita titi ya tare wata motar siminti da ta fito daga Kalambaina. Aka shimfiɗa tabarma a gaba, na ɗauki ɗana a cinya, Maman Bulus tana riƙe da ƙafafunsa, mai unguwa ya bi mu a baya ko hula bai tsaya ɗauka ba.

A asibiti suka karɓe shi nan da nan. Suka buɗe masa hanyar fitsari, suka wanke ciwon, suka sa masa ruwa, aka yi ta allura. Ko a cikin wannan tashin hankali sai da na tambayi wata nas me ke cikin kwalbar da aka rataye, ta ce ruwa ne da gishiri da sukari, na yi mamakin yadda abin da ke cikin kicin ɗina yake shiga ta jijiya. Likita ya ce ciwon ya ci ƙarfinsa ne saboda rashin wanki mai kyau da zafin gari, kuma da an ƙara kwana da labarin ya canja. Maigidana ya iso da yamma, ƙurar siminti fari fat har a gashin idonsa, da gani gudu ya yi daga bakin aiki. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya kasa shigowa. Na ji yana tambayar nas jikin "yaron da aka kawo ɗazu". Na tausaya masa ƙwarai, don ni na riga na tsallake katangar kunya, shi yana can gefe.

Muna asibitin nan ruwan farko ya sauka. Iska ta fara tasowa da la'asar, ta buga tagogi, sannan ƙamshin ƙasa ya shigo ya danne warin magani. Masu jinya muka fito baranda muna tara hannu. A unguwa kuwa an ce malamin asibiti ya dawo a gigice, shi da mai unguwa suka buɗe yaran nan ɗaya bayan ɗaya, suka sami wasu biyu da nasu ya fara ruwa, aka yi musu magani da wuri. Tun daga ranar aka kafa ƙa'ida a unguwarmu cewa in an yi kaciyar taro, mutum ɗaya wanda ba dangin kowa ba shi zai riƙa buɗe kowane yaro kullum, mai kuka da marar kuka. Ni kuma na sami sabon suna a bakin mata, wai marar kunyar Gidan Igwai. Wasu da wasa suke faɗa, wasu har zuci. Wata tsohuwa ta daina amsa gaisuwata har ta bar duniya, kuma ban riƙe ta ba, don abin da ta tarar ke nan.

Da zazzaɓin ya sauka, wata safiya ina zaune a bakin gadonsa ina ba shi kunu da cokali. Ya rame, idanunsa sun yi zuru-zuru, yana sha yana satar kallona, ni ma na kasa haɗa ido da shi, don kunyar ta fara dawowa wurinta. Can ya kawar da cokalin.

"Adda, ashe kin san sunana?"

Maganar ta soke ni har na ji hawaye ya cika mini ido. Shekara goma sha ɗaya yaron nan yana gabana, ashe abin da yake zato ke nan. Na ce masa na sani mana, tun ranar da aka raɗa shi ban taɓa kwana ban faɗe shi a zuciyata ba. Ya shiga wasa da bakin zanen gado.

"To sake hwaɗi in jiya."

Na duba dama, na duba hagu. Masu jinya kowa yana ta kansa, ba wanda ya san ni a ɗakin nan. Na matso kusa da kunnensa na faɗa, ya ce bai ji ba, na sake faɗa da ƙarfi.